Albarka

Ubana Barmo dillali ne a kara,
harshensa ne gonarsa, shi ne rumbunsa.
Jar akuya gurguwa, in ya yabe ta,
sai ka rantse ɗiyar barewa ce.
Inna kan ce: mutumin nan ko a barci ciniki yake.

Wata Litinin, a hanyar Ɗan Isa,
kabu-kabu ya kauce wa rami, ya tarar da tirela.
Aka kawo mana hularsa da takalmi ɗaya.
Kwana goma sha tara yana kwance a asibiti,
kai naɗe da farin ƙyalle, rawanin da bai nema ba.
Da ya buɗe ido muka yi ta hamdala,
ashe maganar ba ta farka tare da shi ba.

Baki ya motsa, ya motsa,
guga ta sauka rijiya, ta dawo ba ruwa.

Malama Sa'ade, mai koya wa harshe tafiya,
ta zana moɗa a kwali, ta zana buta da gado.
Ta ce: in e ne, matse hannun Tsahara sau ɗaya,
in a'a ne, sau biyu.
Ta juyo gare ni: kada ki ƙarasa masa zance.
Wannan ita ta fi mini wuya.
Ni ɗiyarsa ce, a wurinsa na gaji baki.

Kana jin ƙishi? Shiru.
Fanka ta zaga, ƙuda ya sauka, ya tashi.
Sai na ji yatsa, can, kamar motsin ɗan tayi.
Sau ɗaya.
Na zubar da rabin ruwan don rawar hannu.

Muka koma gida Bagalam da damina.
Fatiha yake karantawa tas, ba tuntuɓe,
amma "ruwa" ta gagare shi.
Ya kira moɗa igiya.
Ya dube ni, ya daɗe, ya ce mini "goro",
ya ji da kunnensa, ya jefar da kwanon koko,
ya juya wa bango fuska har la'asar.
Maƙwabta su zo, su zauna a kansa,
su ce Allah sarki Barmo, da can kuwa,
kamar ba shi ne zaune a tabarmar ba.
Ni ina jin hannunsa yana matse nawa,
sau biyu, sau biyu, sau biyu.

Da kuɗin magani suka ƙare,
Inna ta kwance akuyar da ta rage.
Hambali ya shigo, ya taɓa ƙugu, ya duba haƙori,
ya ce: jika goma sha biyar.
Inna ta buɗe baki za ta sallama.

"Albarka."

Daga gindin dalbejiya ta fito,
a dushe, a karkace, kamar ƙyauren da ya sha tsatsa.
Ludayi ya faɗi daga hannuna.
Inna ta zaci addu'a ce, ta ce amin.
Ni da Hambali muka dubi juna.
Mun san ta. Ba addu'a ba ce. Ƙin tayi ne.

Hambali ya durƙusa, gemu yana ɗiga,
ya ce: sha bakwai.
"Al... barka."
Ashirin, Barmo, don Allah!
Hannun hagu ya tashi, yatsu biyu a miƙe.
Ashirin da biyu aka sallama,
har ya karɓi la'adarsa, ya cusa ƙarƙashin matashi.

Ba zan ce ya warke ba.
Yau kalma bakwai, gobe uku, jibi ko ɗaya.
Amma jiya da magariba ina ɗaure zogale
na ji "Tsa..."
Sauran sunan yana bisa harshena, yana ƙuna.
Na cije shi.
Na ajiye igiyar, na zauna gabansa,
ina jira ya kawo shi da kansa.